Malamin Shifta A Ɗakin Gwaji

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da shifta a makarantar firamare guda, kusan a aji guda, wani dogon ɗaki mai taga biyu da ke kallon titi. Tun a shekara ta uku sunansa ya ɓace. In ya ba da baya kowa Jan Biro yake ce masa, daga yara har hedimasta. In ya juyo kuwa ya koma Malam.

Mahaifinsa marubucin wasiƙu ne a gaban gidan waya, da ɗan teburinsa da kwalbar tawada. A can Malam ya fara tsoron harafi. Yakan ba da labarin wani marubuci na teburin kusa, da aka ce ya rubuta mutum ya rasa aiki, shi kuwa ya rubuta ya rasu a aiki. Dangi suka cika mota suka iso da kuka, suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana yankan farce. Duk ajin da ya shiga hannun Malam ya ji labarin nan a makon farko, kuma ba a yarda a yi dariya ba.

Aljihun rigarsa ba ya rabo da biro uku, duka ja, wai ko ɗaya zai ƙare ana tsakiyar aiki. Littafin yaro in ya shiga hannunsa, yakan fito kamar an yanka kaza a kansa. Bai taɓa ɗaga bulala ba, wannan kowa ya shaida, don ba ya buƙata. Sai dai ya ɗaga littafin sama, ya dubi mai shi ta saman tabarau, ya ce, "Uku cikin goma," a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Da maki yake tuna ɗalibansa, ba da suna ba. An taɓa ganinsa ya shiga bas, ya ƙura wa direban ido, wani ƙato mai furfura a gemu, ya ce, "Ba kai ne Huɗu-da-rabi ba?" Direban ya cire hula ya ce shi ne.

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɓoye ta: kowane kuskure yana da mai shi. Kalma ba ta rubuta kanta a karkace. Wani ne bai kasa kunne ba. Matarsa tela ce, tana ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofa, kuma har yau tana ajiye da wasiƙar da ta rubuta masa kafin aurensu, wadda ya mayar mata da gyara bakwai. Da aka tambaye ta abin da ya sa ta aure shi duk da haka, ta ce ai samun namijin da zai karanta maganarki har ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Shekara shida bayan ya yi ritaya kunnensa ya fara yi masa gardama. Shi dai bai yarda ba. Cewa ya yi mutanen yanzu ba sa buɗe baki, suna tauna magana kamar cingam. Masu karanta labarai ma, in ji shi, an kwaso waɗanda ba su karya ba. Rediyon gidan ya yi ta samun ƙarin murya har maƙwabta suka daina kunna nasu. Matarsa takan kira shi sau huɗu daga ɗakin ɗinki, a na biyar ta jefo masa kwarkwaron zare.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo ƙarshen musun. Ta zo wata Asabar da ɗan kwali fari ta ajiye a gabansa. A ciki akwai 'yar akwati kamar ta ashana, a cikinta kuma wasu abubuwa biyu, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. A kunne ake sa su. Suna ƙara wa mutum muryar wanda ke gabansa, suna amsa waya, har rediyo ake ji da su. Ba su da maɓalli ko ɗaya. Taɓa su ake yi da yatsa.

"Baba, minti biyar ne in nuna maka."

"Akwai littafi a ciki?"

"Akwai, amma ba mai karanta shi."

"Shi ya sa duniya ta zama abin da ta zama. Ajiye ki tafi."

Kwana uku ya yi yana karatu bai taɓa na'urar ba. Shafi arba'in da takwas, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har gargaɗin kada a haɗiye, kada a sa a wuta, kada a bar wa kare. A rana ta huɗu ya yi wanka, ya zauna a teburinsa, ya sa su a kunne. Littafin ya ce a taɓa sau biyu a amsa waya, a taɓa sau uku a sake kiran wanda aka kira ƙarshe, a taɓa a riƙe daƙiƙa biyu a ƙara murya, daƙiƙa uku a kashe gaba ɗaya. Bai faɗi daidai inda za a taɓa ba, ga shi mutum ba ya ganin kunnen kansa. Malam ya riƙe yana ƙirgawa a nutse; kafin ya ce "biyu" abin ya mutu. Ya sake, wannan karon ya saki da wuri, sai wata mata ta yi magana a tsakiyar kansa ta ce ba ta gane ba. Ya waiga bai ga kowa ba.

Abin da ya kai shi bango ranar Talata ya faru. Yana tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki yana yi wa matarsa bayanin halin mijin Auta, yadda yake gaisuwa kamar ana korarsa, da yadda yake turo saƙo babu aya ko ɗaya, sai ya sosa kunne. Ya ci gaba da bayani. Can ya ji muryar mijin Autan a kunnensa, ƙasa-ƙasa, cikin ladabi: "Baba, ina jinka. Zan gyara in sha Allah."

Da yammar ranar ya zaro biro. Bai tsaya ba sai da ya yi wa littafin gyara ɗari da goma sha shida: waƙafin da aka tsallake, jimlar da ba ta da kai, abin da aka kira "sashen sama" a shafi na tara aka kuma kira shi "fuskar taɓawa" a shafi na talatin. A bangon littafin ya rubuta uku cikin goma, ya ja layi biyu, ya sa a ambulan, ya aika wa kamfanin ta adireshin da ke bayan kwali. Ransa ya yi sanyi.

Bayan mako uku aka bugo, wai ana roƙon ya zo ofishinsu. Ya sa aka goge masa riga. Ya ce wa matarsa, "Sun ga kuskurensu. Za su nemi in duba musu sauran littattafan."

Ofishin a hawa na uku yake, saman wani shagon taya. Akwai wurin jira mai kujerun roba shida da butar shayi ta lantarki. Aka ba shi takarda ya sa hannu, sannan aka shigar da shi wani ɗaki marar taga: tebur ɗaya, kujera biyu, madubi mai faɗi ya cinye bango guda, kyamara ɗaya a sama tana kallon tebur, wata a gefe daidai kunnen mai zama. Wata mata ta shigo, za ta yi shekara arba'in, da ambulan ɗinsa a hannu. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Malam, ba ka gane ni ba. Ni kuwa ina ganin rubutun nan na gane shi, kamar jiya."

Ya daɗe yana dubanta ta saman tabarau. "Biyu-cikin-goma."

"Ita ce, Malam."

"Me kike yi a nan?"

Ta ce ita ke shugabantar masu binciken yadda mutane ke amfani da kayan kamfanin. Aikinta ta kawo mutum, ta ba shi na'ura da littafinta, ta ce ya yi abu kaza, ta zauna ta ga inda zai maƙale.

"Sai ki gyara masa."

"A'a, sai mu gyara na'urar."

A ransa ya ce ga abin da ke faruwa in aka bai wa biyu cikin goma ofis.

"Abu ɗaya nake so ka riƙe, Malam," in ji ta. "Ba kai ake jarrabawa ba, abin nan ake jarrabawa. Duk abin da ka yi a ɗakin nan daidai ne. Kuma kana yi kana faɗin abin da ke ranka, mu ji."

"Ba maki ke nan?"

"Babu."

"To me zai hana mutum shashanci?"

Ta yi dariya ta turo masa sabon kwali. Aiki shida ta ba shi, ɗaya bayan ɗaya: ya sa a kunne, ya haɗa da waya, ya amsa kira, ya ƙara murya, ya rage, ya mayar a caji. Na farkon kaɗai ya yi lafiya. A na biyu ya yi minti goma sha ɗaya yana neman kalmar "haɗawa" a littafin, ashe su "daidaitawa" suka sa mata. Duk sanda ya ɗago ya dube ta sai ta ce, "Kai me kake tsammani zai faru in ka taɓa nan?" Ya tsufa yana yi wa yara irin wannan tambaya, bai taɓa sanin tana sa gumi a ɗaki mai sanyi ba.

A aiki na huɗu yatsansa ya zame, murya ta haura har ƙarshe. Ya ji agogon hannunta kamar ana saran itace. Sannan ya ji mutane a cikin madubi. Wani namiji ya ce, "Kai, Allah ne ya kawo mana tsohon nan. Ba ramin da bai faɗa ba." Wata ta ce, "Rubuta, rubuta, wannan ma ba mu taɓa ganin irinsa ba."

Malam ya ajiye littafin. "Su wane ne a bayan madubi?"

"Injiniyoyinmu ne. Ai yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

Ya karanta takardar kam, har ya gyara waƙafi biyu a cikinta, sai dai abin da take cewa bai tsaya masa ba.

"Gyare-gyarena fa? Ɗari da goma sha shida?"

"Mun gode da su ƙwarai. Amma gaskiya, Malam, yatsunka muka fi buƙata."

Ya koma gida. Matarsa ta ɗago daga keke, da allura a baki. "Nawa ka ci?"

"Ba sa ba da maki."

"Ashe an faɗi," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Kowa ya zaci ba zai koma ba. Ya koma, domin a rayuwarsa bai taɓa barin aji ana tsakiyar darasi ba. Wata takwas ana kiransa sau ɗaya a wata, kullum da sabon samfuri, kullum kuma ya samo sabuwar hanyar ɓata. Shi ne ya mayar da na hagu gurbin na dama a 'yar akwatin, ya danna murfi da ƙarfin tsiya har ya rufu. Shi ne ya karanta "jira haske ya tsaya" ya zauna yana jiran ya mutu, alhali su ya daina ƙiftawa suke nufi. Abin kuwa yana ta canzawa a bayansa. Aka cire ƙirgen daƙiƙa. Aka daina kiran surukai da sosa kunne. Matar da ke cikin kai ta koyi cewa "an ƙara" da "an rage" maimakon "ban gane ba". Wata rana mai binciken ta ce ya lalubi wani ɗan tudu da aka yi wa na'urar, bai fi ƙwayar gero ba.

"Ka ji shi? Wannan naka ne. Saboda kai aka yi shi, don yatsa ya san inda zai sauka. Dubban mutane za su riƙa taɓa shi kullum."

Ita yabo take nufi. Shi kuwa abin da ya ji shi ne an kafa wa faɗuwarsa alama, an kuma raba wa dubban mutane. A ranar ya ƙudurta sai ya ci jarrabawar nan, ana so ko ba a so.

Ya zana jadawali ya manna a bangon falo: awa ɗaya da safe, awa ɗaya bayan abincin rana. Ya zana kunne babba a jikin kwali ya raba shi gida-gida. Ya roƙi Auta ta riƙa bugo masa ba sanarwa, don hannunsa ya saba. Mijinta ma ya shiga layi da kansa, yana bugowa yana jan gaisuwa har sai Malam ya gaji. Matarsa ita ce mai tsaron jarrabawa, da agogon kicin a gefen keke, idonta na kan ɗinki. "Minti ɗaya da rabi, Malam. Jiya ka fi haka." Har tunanin masu ƙera abin ya haddace: ya gane in za su ɓoye abu, a ƙarƙashin dogon taɓi suke ɓoye shi.

A zama na tara matarsa ta rako shi, don za ta sayi yadi a kusa. Aka kawo samfurin da bai taɓa gani ba. Aiki shida ya gama su a minti huɗu, ko littafi bai nema ba. Ya jingina da kujera, ya naɗe hannu, ya dubi madubin kai tsaye. Har ɗan ƙara muryar na'urar ya yi da gangan, kada yabon ya wuce shi. Bai ji komai ba sai wani da ya yi ajiyar zuciya, wani kuma ya rufe kwamfuta.

Mai binciken ta daɗe tana juya biro a hannu. "Malam, ka ƙware."

"Na sani."

"Matsalar ke nan. Mu wanda bai sani ba muke nema. Yanzu ko shirme muka yi ba za ka faɗa ba, zagaye shi za ka yi. Ka zama irinmu."

"Wato korata kike yi."

"Haba Malam, ba kora ba ce."

"Na faɗi sau takwas kuna ba ni shayi da biskit. Na ci sau ɗaya, kin nuna min ƙofa."

Don ta rage masa zafi ta ce ko zai duba musu sabon littafin kafin a buga. Ya gyara zama, ya cire murfin biro. Ta miƙo masa takarda guda, an ninka ta huɗu. Hoto shida ne, kunne da yatsa, kunne da yatsa, kalmomin ciki duka-duka goma sha ɗaya. Ya karanta sau uku. Ya juya baya, fari fat. Babu abin gyarawa, babu ma wurin da kuskure zai zauna.

"Sauran shafukan fa?"

"Na'urar ta haɗiye su, Malam. Kai ka taimaka."

Daga nan ta tambaye shi ko ya san wani da bai taɓa sa abin a kunne ba, wanda kuma ba ya son karanta littafin kaya. Malam ya buɗe baki zai ce ba a haifi irin wannan a gidansa ba, sai ya tuna littafin firjinsu shekara goma ke nan yana ƙarƙashin ƙafar keken ɗinki, yana hana shi rawa. Matarsa tana wurin jira da ledar yadi a cinya. Da aka yi mata bayani ta ce, "In dai ɓatawa ake nema, ai an zo gida."

Aka yarda ya shiga bayan madubi ya kalla, bisa sharaɗin ba zai yi magana ba. Ɗaki ne ƙarami mai duhu, injiniya uku kowa da kwamfuta a cinya, da kwanon gyaɗa a tsakiya. Suka miƙe suka ba shi kujerar gaba. Wanda ya taɓa cewa Allah ne ya kawo shi ya kasa haɗa ido da shi. Ta cikin gilashin ya ga matarsa ta buɗe kwali, ta zaro takardar nan mai hoto shida, ta yi fifita da ita sau biyu ta ajiye. Ta sa na hagu a dama. Ta cire, ta hura masa iska, ta mayar a daman dai. Malam ya damƙe hannun kujera. Ta ce, da ƙarfi kamar yadda aka roƙe ta, "Wanda ya yi abin nan bai taɓa ɗaura ɗankwali ba. Ta ina yatsa zai shiga?" Injiniyoyin suka dubi juna, suka sunkuya suna rubutu kamar an ce a fara shifta.

Abin da ya ba shi mamaki, ba wanda ya ce ba ta kasa kunne ba. Wadda ke kusa da shi ta ce, "Mutum na huɗu ke nan da ya juya su a makon nan. Alamar da muka sa ba ta ganuwa." Ta rubuta laifin a kansu, su masu ƙera abin. Malam ya so ya tsaya ya yi nazarin wannan, amma a daidai lokacin matarsa ta fara ƙoƙarin ɓalle 'yar akwatin ta gefen da ba ya buɗuwa, da ɗan almakashin jakarta. Ya tashi ya ƙwanƙwasa gilashin. "Hoto na biyu! Ke, dubi hoto na biyu!"

Cikin girmamawa aka raka shi wurin jira.

Bayan an gama, mai binciken ta kawo masa shayi da kanta, ta zauna a kujerar kusa. Can ya ce, bai dube ta ba, "Ke da kika iya wannan duka, me ya hana ki iya shifta?"

"A layin baya nake, Malam, jikin taga. Motoci na wucewa. Rabin abin da kake faɗa ba ya isowa, sai in cike da abin da na ga ya dace. Duk 'yan layinmu haka muke. Biyu, uku, biyu da rabi."

Ya bi ajin a ransa, kujera bayan kujera. Fuska biyar ko shida suka faɗo masa, daga shekaru daban-daban, kuma duk a jikin tagar nan ya gan su.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba a tambaya ba."

Ya kurɓi shayi. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. "Da kin ɗaga hannu," ya ce. Amma a bas, in ji matarsa, har suka sauka bai tayar da zancen kuskurenta ko ɗaya ba, abin da ya sa ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Ita kam ta samu wurin zama. Shekara biyu ke nan ana kiranta, domin tana da baiwar da shi bai samu ba: duk abin da ta koya a ɗakin nan a bakin ƙofa take barinsa. Kullum shi ke raka ta, ya zauna a wurin jira. A nan kuma sabuwar matsala ta ɓullo. Wurin ba ya rabo da tsofaffi masu jiran a kira su, kowa fuska a ɗaure kamar layin allura. Malam ba ya iya ganin mutum zai shiga jarrabawa ba shiri ya yi shiru. Ya fara da raɗa: "In suka ce ka ƙara murya, lalubi ɗan tudu." Daga raɗa ya koma zane a bayan takarda. Kafin ya fara yakan matso da kujera ya tambaya, "Kana jina daga nan?"

Wata biyu sakamako ya yi kyau har ya ba da tsoro. Tsofaffi 'yan shekara tamanin suna shiga suna gama aiki shida ba tuntuɓe. Injiniyoyi suka fara taya juna murna, har an kusa tura wani samfuri kasuwa. Mai binciken ce hankalinta bai kwanta ba. Wata rana ta fito wurin jira ba zato, ta tarar an jera kujerun roba layi biyu, Malam na tsaye jikin butar shayi yana nuna kunnensa, wani tsohon kafinta ya ɗaga hannu yana da tambaya.

"Malam! Aikin wata biyu ka zubar mana."

"Ni ban shiga ɗakinku ba."

"Don Allah, don girman Allah, ka riƙa jiran Umma a ƙasa."

Ya sauka bai yi musu ba. A ƙasa, gaban shagon taya, akwai benci a inuwa, kuma ƙofar hawa benen ɗaya ce tak. Mai shagon ya saba da shi, har yakan karkaɗe masa wurin. Duk wanda ya sauko daga bas da takarda a hannu, yana ɗaga kai yana neman hawa na uku, Malam ya san inda za shi. Yakan matsa gefe ya ce, "Bismillah, zauna ka huta tukuna, benen nan da tsawo."

Kamfanin ya ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin da ake cikewa kafin a shiga: ko wani dattijo mai tabarau ya yi maka bayanin na'urar a ƙasa? Wanda ya ce e, a ba shi shayi, a yi masa godiya, a sallame shi. Zuwa watan jiya mutum goma sha tara aka sallama haka. Sukan sauko su same shi a benci, su faɗa masa ko kwalin ba a bari sun taɓa ba. Sai ya miƙa musu hannu, ya ce ba komai, su gaida gida, ya juya yana duban titi, don bas na gaba ya kusa tsayawa.